Sanƙo ya kama ni ina ɗan shekara 27, me zai dawo mini da gashina?

Tambaya:

Assalamu alaikum Yaya. Ni saurayi ne ɗan shekara 27. Yau kusan shekara uku ke nan gashina yana zubewa. Daga gefen goshi biyu ya fara, yanzu kuma tsakar kaina ta soma haske. Ni ban ma sani ba sai da na ga wani hoto da aka ɗauke ni ta baya. Mahaifina mai sanƙo ne, haka kawuna. Na shafa mai kala-kala, na sha ƙwayar bitamin ɗin nan biyotin wata shida, ban ga komai ba. Yanzu ba na fita sai da hula, abokai kuma sun sa mini suna "filin jirgi". Saura wata takwas aurena. Wadda zan aura ta ce ita bai dame ta ba, amma ni ya dame ni. Na karanta a intanet cewa akwai ƙwayar da ke dawo da gashi, wasu kuma suka ce tana kashe namiji. Wani abokina ya ce in bar wahalar da kaina, in tara kuɗi in je a yi mini dashe. Don Allah ina gaskiyar take? Kuma ko hular ce ke ƙara mini?

Amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Mai ba ka amsar nan shi ma kansa tal yake, saboda haka ba da ka zan yi maka magana ba. Ina da shekara 29 mai aski ya ɗaga mini madubi ta baya don in ga gyaran ƙeya, ni kuwa idona ya tsallake ƙeyar ya sauka a kan wani ɗan fili mai faɗin bakin kofi da fata ke leƙowa ta cikinsa. Shekara huɗu na yi ina shafe-shafe. Duk wanda ya ce ga mai, sai na saya. Ranar da na je wurin likitan fata, ya ɗora wani ɗan madubi mai fitila a kaina, ya leƙa nan ya leƙa can, sannan ya dangwala yatsa a gaban kan ya ce, "Nan babu abin da za a tayar." Ya matsa baya kaɗan ya ce, "Nan kuma da saura." Abin da nake so ka ɗauka daga wannan labari shi ne, kai yanzu mafi yawan kanka yana wurin da ake cewa da saura. Maganin sanƙo ya fi gwaninta wajen tsare gashin da ke nan, kuma yana iya farfaɗo da wanda ya kwanta rai a hannun Allah. Wanda ya riga ya tafi har fatar wurin ta koma sumul tana ƙyalli, babu ruwa ko ƙwayar da za ta kira shi ya amsa.

Ga abin da ke faruwa a kan naka. Mutum yana da silin gashi wajen 100,000 a kansa, kowanne da ɗan raminsa da tushensa. Sili yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsiro, ya huta kamar wata uku, ya faɗi, wani ya fito daga ramin. Shi ya sa zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Shi mai sanƙo, abin da ya gada shi ne tushen gashin gaban kai da tsakar kai ba ya shiri da wani sinadari da ake kira DHT, wanda jiki ke sarrafawa daga testosteron, wato sinadarin maza. Duk zagaye ɗaya sai tushen ya ƙara tsukewa. Gashin da ya fito bana bai kai na bara kauri ba, na baɗi ya fi shi siranta da gajarta, har ya koma kamar ɗan gashin da ke kumatun jariri, daga nan ya yi shiru. Ka sa yatsa a gefen goshinka a gaban madubi, za ka ga irin waɗannan siraran a cakuɗe da masu kauri. Su ne ake ƙoƙarin cetowa. Tun 1942 wani masani ɗan Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa mazan da aka dandaƙe kafin su balaga ba sa yin sanƙo, amma idan aka ba su testosteron, waɗanda ke da gadon abin a danginsu sai gashi ya fara tafiya. Gadon kuma ta ɓangaren uwa yana zuwa, ta ɓangaren uba yana zuwa. Kai da ka haɗa mahaifi da kawu, ta ƙofa biyu aka shigo maka.

Gashin ƙeya da na saman kunne shi ba ruwansa da DHT. Za ka ga tsoho kai fayau amma ƙeyarsa cike. Riƙe wannan, zai yi mana amfani idan mun zo maganar dashe.

Yadda ka kwatanta naka, gefen goshi sannan tsakar kai, a hankali cikin shekaru, ya yi kama da sanƙon gado sak. Amma ban ga kanka ba, kuma ba kowace zubewar gashi ce sanƙo ba. Wadda ke zuwa farat ɗaya ta bar fili zagayayye sumul, ta garkuwar jiki ce. Wadda ke tafe da ƙaiƙayi da ɓawo ko ƙuraje, cutar fata ce. Wadda ke zubo gashi ko'ina wata biyu ko uku bayan zazzaɓi mai zafi ko tiyata, takan dawo da kanta. Kowacce maganinta daban. Saboda haka likitan fata shi ne zangon farko, kuma kada ka yi irin jinkirin da na yi.

Idan ya tabbatar na gado ne, magunguna biyu ne aka daɗe ana gwadawa a kan dubban mutane aka ga suna aiki.

Na farko minoksidil, wanda aka fi sani da sunan Rogaine. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce. Sai aka lura masu shan ta gashi na fito musu a goshi, a baya, a hannuwa, inda ba su nema ba. Aka mayar da shi na shafawa, hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1988. Akwai mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, akwai mai kashi 5, wanda shi maza suka fi amfani da shi. Aikinsa tsawaita lokacin tsiron sili da ƙara masa kauri, bai taɓa DHT ko kaɗan. Ana ɗiga mililita ɗaya safe da dare a busasshen kai. A kan fata ake so ya sauka, don gashi ba ya sha. Ka wanke hannu bayan ka gama, ka bar shi kamar awa huɗu kafin ruwa ya taɓa kan, ka kuma bari ya bushe kafin ka ɗora kai a matashi, in ba haka ba matashin zai shafa maka shi a fuska.

A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Cikin makonnin farko, daga na biyu zuwa wajen na takwas, gashi yakan ƙara zubewa. Mutum ya tsefe kai ya ga mataji ya cika, hankalinsa ya tashi, ya ce an yi gudun gara an faɗa gidan zago, ya jefar da kwalba. Alhali silin da ya riga ya gama aikinsa ne sabon ke turowa waje. Ba a fara ganin canji sai wata huɗu zuwa shida, ba a kuma yanke masa hukunci sai ya shekara. Ya fi aiki a tsakar kai, a gefen goshi ƙarfinsa kaɗan ne. Kuma ba kowa yake karɓa ba, domin sai tushen gashin ya juya shi zuwa wani sinadari kafin ya yi aiki, wani tushen ya iya, wani bai iya ba sosai. Idan na ruwa ya sa maka ƙaiƙayi, akwai na kumfa. Idan ka ji bugun zuciya, jiri ko kumburin ƙafa, ka tsaya ka koma wurin likita. In akwai kyanwa a gida, ka nesanta ta da shi, guba ne gare ta ko da lasar matashi ta yi.

Na biyu shi ne ƙwayar da ka ji labarinta, finasterayid, mai sunan kasuwa Propecia. Labarinta ya faro ne daga Jamhuriyar Dominika, inda a 1974 wata likita, Julianne Imperato-McGinley, ta ba da rahoton wasu maza da aka haifa jikinsu bai iya juya testosteron zuwa DHT yadda ya kamata. Da suka girma, ba su yi sanƙo ba, kuma ƙullutun nan da ke ƙasan mafitsarar maza, furostet, bai girma musu ba. Kamfanin Merck ya bi wannan sawu ya haɗa ƙwaya mai toshe hanyar. A 1992 aka amince da mai miligiram 5 don kumburin furostet, a 1997 aka amince da mai miligiram 1 don sanƙon maza. Ƙwaya ɗaya a rana tana rage DHT a jini da kusan kashi 70 cikin 100. A babban gwajin da aka yi da maza sama da 1,500 masu shekara 18 zuwa 41, bayan shekara biyu, 83 cikin 100 na masu shan ta gashin tsakar kansu bai ƙara raguwa ba, kuma kusan biyu cikin uku hotunansu sun nuna ƙari. Cikin waɗanda aka ba ƙwayar bogi kuwa, 28 cikin 100 ne kawai gashinsu ya tsaya. Idan ka tambaye ni wanne ya fi ƙarfi tsakanin biyun, wannan ce, domin ita ke kama ɓarawon, shi minoksidil gyaran ɓarna yake yi. Haɗa su ya fi kowanne shi kaɗai.

To, maganar tana kashe namiji. Ba zan ce maka ƙarya ce tsagwaronta ba, ba kuma zan ce haka take ba. A gwaje-gwajen, kusan mutum 4 cikin 100 na masu shan ta sun yi ƙorafin raguwar sha'awa, ko raunin gaba, ko raguwar maniyyi. Cikin masu shan ta bogi ma, 2 cikin 100 sun yi irin wannan ƙorafi. Ka ga tazarar ba ta da yawa, ka kuma ga yadda fargaba kaɗai ke iya kwantar da namiji. Yawancin waɗanda abin ya sama sun warware da suka daina. Amma akwai mazan da suka ce nasu ya zarce bayan sun daina, har a 2012 FDA ta sa aka ƙara wannan gargaɗi a takardar maganin. Akwai kuma gargaɗi a kan damuwa da ƙuncin rai, har da tunanin hallaka kai a wasu tsiraru. Idan ka taɓa fama da ciwon damuwa, faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki biro. Idan ka fara sha ka ji ranka yana dagulewa ba dalili, ka daina ka koma masa.

Kai kuma ango ne nan da wata takwas, saboda haka akwai abu biyu da suka shafe ka fiye da kowa. A wasu maza ƙwayar tana rage yawan ƙwayoyin haihuwa a maniyyi, galibi yakan dawo idan an daina, amma mai neman haihuwa da wuri ya kamata ya gaya wa likita haka ƙarara. Sannan mace mai ciki ba ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka murƙushe, domin sinadarin na iya illata halittar al'aurar ɗan da ke ciki idan namiji ne. Ka ajiye ta inda hannu ba ya kai. Ka kuma riƙe a ranka don gaba, tana rage sakamakon PSA, gwajin jinin da ake duba lafiyar furostet da shi, da kusan rabi, duk likitan da zai yi maka wannan gwaji sai ya san kana shan ta.

Ni dai da zan koma shekara 27 da abin da na sani yau, zan je wurin likitan fata a makon nan, in fara minoksidil da zarar ya tabbatar na gado ne, in zauna da shi a kan ƙwayar ido da ido. Mai yiwuwa in gwada ta, domin in za ta ba ni matsala gara in sani tun da sauran watanni. Amma idan ka san kanka mai yawan tunani ne, wanda zai sha ƙwaya da safe ya wuni yana sauraron jikinsa, ka jinkirta ta. Kada kuma ka saye ta a ɓoye a intanet saboda kunya. Ba ka san abin da aka dunƙula a ciki ba.

Abin da masu talla ba sa so su faɗa shi ne, duk gashin da magungunan nan suka ba ka, haya ce. Muddin kana biya kana ciki. Ranar da ka daina, cikin 'yan watanni zuwa shekara kanka zai koma inda da ma zai kai in da ba ka taɓa farawa ba. Saboda haka kafin ka buɗe kwalbar farko, tambayi kanka ko za ka iya wannan hidima safe da dare shekara da shekaru. Wanda zai yi wata uku ya bari, gara ya bar kuɗinsa a aljihu.

Sauran abubuwan da za ka ci karo da su ba sa buƙatar dogon zance. Dutasterayid 'yar'uwar finasterayid ce, ta fi ta ƙarfi, ta fi ta daɗewa a jiki, Koriya ta Kudu da Japan sun amince da ita don sanƙo, likitoci kan koma mata idan ta farko ta gaza. Wasu likitocin suna ba da minoksidil na sha ɗan kaɗan, amma tunda maganin hawan jini ne, sai da awo da sa ido. Akwai tsattsaga fatar kai da ƙananan allurai tare da minoksidil, akwai allurar ruwan jinin mutum da ake tacewa a mayar masa a fatar kai, akwai hula da mataji masu jan haske. Wasu kan ga ɗan amfani, amma gwaje-gwajensu ƙanana ne, kuma mataimaka ne, ba sa riƙe gida su kaɗai. Sabulun wanke kai mai ketokonazol yana da kyau idan kana da amosani. Biyotin kuwa da ka sha wata shida, mai ƙarancinsa a jiki kaɗai yake wa amfani, kuma irin wannan mutum da wuya a same shi. Abin haushi ma, yana iya rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na zuciya, don haka in za a ɗebi jininka ka faɗa. Man shafawa yana sa gashi laushi da sheƙi, iyakarsa ke nan. Duk kwalbar da ta yi maka alkawarin suma cikin sati biyu, ka tuna gashi santimita ɗaya yake yi a wata.

Sai dashe. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Dashe yana aiki, kuma dalilin aikinsa shi ne abin da na ce ka riƙe: tushen da aka ciro daga ƙeya yana tafiya da halinsa duk inda aka kai shi, DHT ba ya cin sa. Wani likita ɗan Japan, Shoji Okuda, ya rubuta a kan dashen gashi tun 1939, sannan Norman Orentreich na birnin New York ya kafa hujjar a 1959. Yau hanya biyu ake bi: ko a yanko siririyar fata daga ƙeya a rarraba ta, wanda ke barin tabo mai tsawo, ko a riƙa ciro tushen ɗaya bayan ɗaya, wanda ke barin ɗige-ɗige. Kowane ɗan dashe sili 1 zuwa 4 ne a jikinsa.

Sauran rabin gaskiyar shi ne dashe ba ya ƙirƙirar gashi ko sili ɗaya. Kwashe na baya ake yi a kai gaba, ƙeya kuma rumbu ne da ba a sake cika shi. Kai yanzu sanƙonka tafiya yake, babu wanda ya san inda zai tsaya. A ce an cike maka gefen goshi yau, ba ka shan komai. Bayan shekara biyar na asalin da ke bayansa ya zube, sai a bar ka da tsibirin gashi a gaba da hamada a bayansa, abin da ya fi sanƙon muni. Dole ka koma, ka sake taɓa rumbun. Wayne Rooney, tsohon ɗan ƙwallon Ingila, ya sanar da nasa dashen a 2011 yana da shekara 25, bayan shekara biyu ya koma aka ƙara masa. Shi ya sa likitan kirki zai ce ka fara magani, a ga abin ya lafa shekara guda ko fiye, sannan a yi maganar wuƙa. Wanda ya kalli hotonka a waya ya ce ka zo gobe, kuɗinka yake kallo.

Ko don bikin ma dashe ba zai fisshe ka ba. Gashin da aka dasa yakan zube cikin makonnin farko, sabo ya fara leƙowa a wata na uku ko na huɗu, ba ya cika ido sai wajen shekara. In lokacin ya yi nan gaba, ka tambayi abu uku: wane ne zai yi aikin da hannunsa, likitan ko yaransa, ko ya saba da gashi mai murɗewa, domin irinsa tushensa a lanƙwashe yake a cikin fata, wanda bai saba ba sai ya yi ta datse shi wajen cirowa, sannan ka gaya masa idan jikinka mai yin tabo ne mai tudu, ko da na ƙurji ne.

Hula ba ta da laifi. Tushen gashi daga jini yake ci, ba daga iska ba. Sa abarka, ka dai riƙa wanke ta. Aski ma ba ya ƙara wa gashi kauri, ba ya rage shi. Sai dai gajeren aski ya fi rufa wa mai sanƙo asiri fiye da tara suma, don idan gefe ya yi tsawo sai filin tsakiya ya ƙara fitowa. Kuma kada ka cire aske shi duka daga lissafi. Ni a ƙarshe nan na tsaya, ranar da na yi kuwa masu tsokana suka rasa abin faɗa, don babu daɗi a tsokani wanda ya riga ka dariya. Ba na tura ka can, kai da sauran gashinka. Ina dai gaya maka ƙofar a buɗe take, kuma ba faɗuwa ba ce.

Ita kuma da ta ce bai dame ta ba, ka yarda da ita. Da idonta ta gan ka ta ce ta ji ta gani. Ka cire hular a gabanta tun yanzu, ka kuma gaya mata idan ka yanke shawarar shan ƙwayar, tunda maganar haihuwa da inda za a ajiye maganin ta shafe ta.

Kafin ka shafa komai, ɗauki hoto huɗu: gaba, gefe biyu, da tsakar kai daga sama. Wuri ɗaya, haske ɗaya, tsawon aski ɗaya, busasshen kai. Ka maimaita duk bayan wata uku, ka daina tsayawa gaban madubi kullum kana ƙirga, don ido da ke kallon abu kowace rana ba ya ganin motsinsa. Hotunan za ka kai wa likita, su za su faɗa muku ko a ci gaba ko a canja. Idan ka fara a makon nan, ranar bikinka kana wata na takwas, daidai lokacin da mai karɓar magani ke fara ganin tsakar kansa ta yi duhu. Na saman kan ba ya ɗaukuwa da hannunka, sai ka nemi wanda ba zai yi maka dariya ba ya ɗauka maka sau uku na farko. Daga na huɗu, miƙa wa amarya wayar.